Wasiƙa Daga Birmingham: Karnukansu da Namu

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da Inna da duk mutanen gida. Ya zafin Sakkwato? Allah ya kawo damina mai albarka.

Ka tambaye ni a saƙon murya ko bidiyon karen nan mai tsallake shingaye yana shiga bututu da na tura maka gaskiya ne ko haɗin kwamfuta. Gaskiya ne, Yaya, ni na ɗauka da wayata. Amsar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma na sa ta a fili don abokan farautarka na wajen Kware da Gwadabawa su ma su gani, wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa.

Ka san aikina a nan, shagon sayar da kayan dabbobi ne a bayan gari. Matar da ke da shagon tana da fili a baya, an kewaye shi da waya, ranar Asabar da Lahadi mutane na kawo karnukansu a koya musu wasan da ake kira ajiliti. Ni ne mai jera kayan da safe, in kwashe da yamma, saboda haka na daɗe ina kallon abin tun daga ranar da ake kawo ɗan kwikwiyo har ranar da zai shiga gasa.

Ga yadda wasan yake. Ana jera abubuwa wajen 20 a fili, kowanne da lambarsa. Akwai shingayen tsallake masu sanda a gicciye wadda ke faɗuwa da an taɓa ta. Akwai bututu mai faɗi na leda da kare zai shiga ya fita ta ɗaya bakin, wani lokaci a lanƙwashe yadda ba ya hango haske. Akwai taya a rataye. Akwai manyan allunan katako biyu da aka jingina kansu da juna, tsayinsu ya kai mita 1.7, kare ya hau ta nan ya sauka ta can. Akwai siririyar gada, da katako mai rinjaya wanda in kare ya wuce tsakiyarsa sai ya karkata ya bugi ƙasa. Sai turaku 12 a jere, tsakanin kowanne santimita 60, kare ya riƙa saƙa jikinsa a tsakaninsu, kuma dole ya shiga turken farko yana kafaɗarsa ta hagu. Mai kare yana gudu a gefe, ba igiya, ba sanda, ba abinci a hannu, kuma ba a yarda ya taɓa karen ko kayan ba. Murya ce kawai da hannu da juyin kafaɗa. In kare ya kayar da sanda an rubuta masa laifi 5. In ya ƙi shiga abu har sau uku, ko ya tsallake lamba ya shiga wanda ba shi ne na gaba ba, an fitar da shi. Cikin waɗanda ba su yi laifi ba, wanda ya fi sauri shi ya ci.

Wasan ba tsoho ba ne. An fara nuna shi a 1978 a babban bajekolin karnuka na Crufts a Landan, lokacin da aka sa wani mai suna John Varley ya nemo abin da zai riƙe 'yan kallo kafin a shiga zagaye na gaba. Shi da wani mai horar da karnuka, Peter Meanwell, suka kwaikwayi tsallaken dawaki suka mayar da shi na kare. Tun 1991 a nan Birmingham ake yin Crufts, a babban zauren NEC, yanzu cikin watan Maris. Ƙungiyar kula da harkar karnuka ta ƙasar, Kennel Club, wadda aka kafa tun 1873, ita ke riƙe da dokokin. Ana auna tsayin kare a kafaɗa a raba su gida huɗu, ƙananan su tsallake santimita 30, manyan 60. Irin karen kiwon tumakin nan da ake ce wa Border Collie ya mamaye gasar har sai da aka ware wani aji da ba a yarda ya shiga ba, don sauran su samu su ci wani abu.

To, maganar kaya. Shagonmu kaɗai akwai abincin kare na ɗan kwikwiyo, na tsoho, na mai ƙiba, na wanda cikinsa ba ya son alkama. Akwai rigar sanyi, rigar ruwa, takalmi, katifa, man goge haƙori. Zan gaya maka tsakani da Allah, da yawa daga ciki zuciyar mai kare ake sayar wa, karen bai san an yi ba. Kayan filin ma tsada gare su: katakon rinjaya ɗaya irin na gasa ya fi kuɗin babban ragon layya a Kara. Na juya shi na duba ƙasansa da kyau. Ƙarfe ne mara nauyi, da allo, da roba da aka manna a sama don kada ƙafa ta zame. Mai walda da kafinta a Sakkwato za su haɗa shi cikin yini ɗaya in an ba su awo. Shingayen kuwa bututun ruwa ne na roba, irin wanda masu aikin famfo ke saya a kasuwa. Turakun ma haka. A wajen kaya ba su fi mu da komai ba sai fenti.

Inda suka yi mana nisa shi ne abin da ke kewaye da karen, kuma nan nake so ka tsaya ka saurare ni.

Na farko, malamar da ke koyarwa a filinmu mai karen take koya wa, fiye da karen. Sau da yawa kare zai bar shinge ya shige bututu, mai shi ya fara faɗa, sai ta ce masa ya dubi inda kafaɗarsa da ƙafarsa suke fuskanta. Bututun suke kallo. Karen ya bi abin da jiki ya faɗa, bakin ne ya saɓa. Ban taɓa ganin an ɗaga wa kare hannu a filin nan ba. Ana riƙe 'yar na'ura a tafin hannu da ke yin ƙas in an danna. Daidai lokacin da kare ya yi abin da ake so sai a danna, a jefa masa ɗan guntun nama. Ba a minti biyar ana abu ɗaya, sai a huta, kuma ana tashi tun karen yana marmarin a ci gaba. In ya kasa, ba a ce masa komai, sai a sauƙaƙa abin a sake.

Dubi turakun nan 12, su ne mafi wuya. Ba a jan kare da igiya a tsakaninsu. Ana raba su layi biyu da hanya a tsakiya, kare ya bi hanyar a guje ya tarar da ladansa a ƙarshe. Kowane mako a matso da layukan kaɗan, har ranar da za su haɗe su zama layi ɗaya, shi kuwa jikinsa ya riga ya saba da kaucewa dama da hagu. Katako mai rinjaya kuma tsoro ne matsalarsa, motsin da ƙarar bugun ƙasa. Ana fara shi a ƙasa sosai, tazarar bai fi faɗin hannu ba, a saka wa kare duk lokacin da ya taka ya yi ƙara, har ya koma shi ke neman ƙarar da kansa. Wanda aka yi gaggawa aka ɗora shi sama ya tsorata, sai an yi watanni ana lallashi. Ƙarshen kowane katako an shafa masa fenti daban, kuma dole ƙafar kare ta taka wurin kafin ya sauka, don kada ya diro daga sama ya karye. Ɗan kwikwiyo kuwa ba a sa shi tsallake, sandar a ƙasa ake ajiye ta, saboda gaɓoɓinsa ba su gama ƙwari ba. Sai ya cika wata 18 ake barinsa ya shiga gasa.

Ina kallon wannan ina tuna Baba, Allah ya jiƙansa, da yake hana mu dukan karnukan gona yana cewa, "Karen da anka saba bugu, sanda shika kallo, ba shi kallon zomo." Abin da ake biyan kuɗi a koya a nan ke nan. Kuma mu da muka karanta Ma'ida mun san Allah ya halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo, wato horon kare ilimi ne da shari'a ta san da zamansa. Ni dai ban ajiye kare a ɗakina ba kuma ba zan ajiye ba, hadisin da ya keɓe na farauta da kiwo da gona yana nan. Naka duk cikin waɗanda aka keɓe suke, shi ya sa nake ganin kai ka fi su cancantar wannan ilimin.

Domin abin da zai ba ka mamaki, farautar da kake yi haramun ce a dokar Ingila. Dokar 2004 ta hana sakin karnuka su bi yanyawa ko barewa ko zomon daji, an bar ɓera da ƙananan zomayen rami. Yawancin karnukan da ke zuwa filinmu jikokin na kiwo da na farauta ne, amma suna kwana a bene, ba tunkiya ba daji. Ƙarfin yana nan, aikin babu, sai su koma cin kujera da haushi. Wasan nan aikin da aka ƙirƙiro musu ne. Naku ba su rasa aiki ba. Karen da ke wuni cikin ƙaya da ƙarangiya yana bin zomo, ko dogayen nan na Buzaye da ke shigowa ta Illela, marasa kitse masu dogon numfashi, wallahi da za a koya musu lambobin nan da an sha kallo.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, lafiya. Tun Afrilun 2016 doka ta tilasta a dasa wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, mai ɗauke da lambar da ke nuna mai shi. Wanda ya ƙi, tarar ta kai fam 500. Filinmu ba a karɓar kare sai an ga katin rigakafinsa. Yanke kunnen kare da muke yi da aska laifi ne a nan. Ba wai komai nasu daɗi ne ba. Mutum yana ganin likita kyauta a asibitin gwamnati, amma kare sai an biya, kuma kuɗin yana da nauyi har mutane ke biyan inshora duk wata. Na ga dattijuwa tana kuka a shagonmu saboda aikin ƙafar karenta ya fi abin da take da shi. A wannan fannin mu ke da sauƙi, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a cikin gari, ga likitocin da aka horar a nan gida, ga allurar haukan kare da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi a Filato. Matsalarmu ba ma kai karnukan asibiti.

Ingila ta rabu da ciwon haukan kare tun 1922. Yaro a nan zai rungumi karen da bai sani ba, uwarsa ba ta firgita. A duniya kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa a ciki. Ciwo ne da in alamunsa suka bayyana sai dai a yi haƙuri. 'Ya'yanka suna wasa da karnukan nan kullum, su kuma suna shiga daji suna cuɗanya da abin da ba ka gani ba. Don Allah Yaya, in kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen ko shafa wani abu.

In kana so ka gwada horon, ba sai na turo maka komai daga shago ba. Na'urar ƙas ɗin, harshenka ya isa, ko kalma ɗaya gajera da ba ka canza ta. Ladan kuma huhu ko hanta daga mahauta, a dafa ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana a shanya. Kada ka ba su kilishi ko ragowar miya mai albasa da yawa, albasa tana lalata jinin kare, kuma ka san yadda take a gidajenmu. Ka yi bayan sallar asuba, kan rairayi, domin zafinmu da ke haura digiri 40 zai ƙona musu tafin ƙafa a kan katako ko ƙarfe. Ka fara da kira: ya zo duk lokacin da ka kira shi, ko yana tsakiyar bin wani abu. Shi ne abin da malamarmu ke fara koyarwa, kuma shi zai fi yi maka amfani ranar da kare ya nufi garken wani Bafillace ko ya doshi titi. Ƙaramar karyar nan ja da ka ce tana da kunne, da ita za ka fara, bututu biyu da sanda a ƙasa sun isa.

Na tura kuɗi ta hannun ƙanenmu, na allurar karnukan ne duka huɗun da maganin kaska da na tsutsar ciki. Ka karɓi katin ka ajiye, kuma ka tambayi likitan ranar da za a maimaita. In maƙwabtanka mafarauta za su haɗa nasu a tafi tare a mota ɗaya, ni zan biya kuɗin motar. Awon katakon da na turakun zan zana a takarda in ɗauki hoto in turo ranar Lahadi in na je filin.

A gaishe da Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafarta yana hanya. A gaishe da yara.

Ƙanenka.