Toshewar hanji: a sa roba a jira, ko a shiga tiyata?

Duk sanda aka kwantar da mai toshewar hanji, tambayar 'yan uwa ɗaya ce: "Likita, dole sai an yanka?" Hanyoyin biyu ne.

Ta farko jira ne, amma ba na naɗe hannu ba. Ana hana ci da sha, a zura roba ta hanci zuwa tumbi ta zuƙe koren ruwan da ya taru, a ɗaura ƙarin ruwa. Idan tabon tsohuwar tiyata ne ya manne hanjin, sau da yawa yakan warware da kansa. Ranar da majiyyaci ya saki iska, murna ake yi, ba kunya. Kuɗin wannan hanya da sauƙi, sai dai ba a cika wuce awa 72 ana jira ba, kuma ciwon yana iya dawowa.

Tiyata ta fi tsada, ga haɗarin maganin barci da ruɓar ɗinki, ita ma tana barin sabon tabo. Amma idan hanji ya murɗe, jini ya daina isa gare shi, cikin awoyi hanjin yake mutuwa. Nan sai an buɗe, a warware, a yanke abin da ya yi baƙi. Hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka, shi ke taimakawa wajen rarrabe mai buƙatar tiyata da wanda zai iya jira.

Jira ya dace da wanda toshewarsa ba ta cika ba, cikinsa da laushi. Mai zazzaɓi, ciki tauri, ciwo ba sassauci, ko ƙabar da ta maƙale, tiyata ce tasa, ba jinkiri.