Amiga 500: Vampire, PiStorm, ko 68030 ta gaske?

Ɗan'uwa, ka ce ka samu Amiga 500, tsohuwar kwamfutar nan ta Commodore, a kayan gwanjo, tana kunnuwa amma allonta na tsayawa a launin rawaya, kana kuma tunanin cire firosesarta ka sa Vampire ko PiStorm, katunan da ke maye gurbinta su ƙara gudu, sai dai ka rasa wanne za ka ɗauka. Bari in fara tsayar da kai a kan rawayan nan tukuna.

Rawaya na nuna firosesa ta ci karo da kuskure kafin na'urar ta gama tashi, ba lallai ta mutu ba. Motorola 68000, firosesar da ke cikin Amiga 500, tana da taurin rai. Sau da yawa laifin soket ne, ƙafafu 64 da suka zauna wuri guda tun 1987 ko kusa da haka, datti ya shiga tsakani. Ka danna Agnus, cip ɗin nan mai kusurwa huɗu, ta zauna daram. Sannan ka kifa na'urar ka buɗe 'yar ƙofar ƙasa. In akwai katin A501 mai ƙara 512KB, a cikinsa akwai batirin agogo da ke yoyo idan ya tsufa. Na taɓa buɗe wani na tarar da wani abu kore kamar gishiri ya bi layukan jan ƙarfe ya cinye su, zare katin kawai na yi na'urar ta tashi.

To, in ka tabbatar firosesar ce, ko kuma gudu kake nema, abubuwan da ka ambata ba iri ɗaya ba ne ko kaɗan, duk da cewa a soket ɗaya ake dasa su.

Vampire ita ce FPGA ta sosai. FPGA cip ne da ke zuwa ba shi da aikin kansa, sai an loda masa tsarin da'irori ya koma abin da aka tsara. Ƙungiyar Apollo, ƙarƙashin Gunnar von Boehn, ta tsara firosesar da ta kira 68080, wadda Motorola ba ta taɓa ƙerawa ba, don a kan 68060 ta tsaya a 1994. Vampire 500 V2 tana ɗauke da Cyclone III na Altera, da RAM 128MB, da HDMI, da wurin katin microSD. Na'urar da aka saba gani a 7.09MHz da 512KB sai ta koma wata aba dabam, Workbench, fuskar tsarin aikin Amiga, na buɗewa kafin ka ƙifta ido. Kuma in an gyara kuskure a tsarin, sai ka sabunta shi ba tare da ka taɓa dalma ba. Abin da ke damuna da ita biyu ne. Tsarin 68080 a rufe yake, ba wanda zai iya dubawa ko ya gyara sai masu shi. Sannan an ƙara mata umarni nata na kanta, AMMX, da hoto nata na kanta, SAGA, don haka manhajar da aka rubuta domin su ba ta aiki a sauran Amiga. A hankali sai ka ga Denise da Paula, cip ɗin hoto da na sauti na Amiga, sun zama 'yan kallo a gidansu.

PiStorm kuwa mutane na yawan ɗaukarta FPGA ce, alhali ba ita ba ce. Claude Schwarz ne ya tsara ta, kuma cip mai karɓar tsari da ke kanta ƙarami ne, CPLD na MAX II, aikinsa tafinta kawai tsakanin layukan Amiga da Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar da ake dasawa a kanta. Pi ɗin ne ke kwaikwayon 68000 da manhaja, ko dai Musashi a kan Linux, ko Emu68 na Michal Schulz wanda ke tashi kai tsaye ba tare da Linux ba, yana fassara umarnin Motorola zuwa na ARM, firosesar Pi, a yayin aiki. Da Emu68 gudunta ya wuce na duk wata 68060. Ta fi araha nesa ba kusa ba, tsarinta a buɗe yake, kuma in Pi ya ƙone ka sayi wani. Sai dai za ka sha zama kana daidaita fayiloli a katin SD.

Akwai ta uku da ba ka ambata ba, kuma ita na fi so: TerribleFire TF536 ta Stephen Leary. Firosesa ce ta gaske, 68030 a 50MHz, da RAM 64MB da wurin haɗa babban faifai (IDE). CPLD ɗin Xilinx da ke kanta ba ya kwaikwayon komai, yana daidaita lokaci ne tsakanin firosesa mai sauri da tsohon allo. Ba za ta kamo ƙurar Vampire ko PiStorm ba, amma halinta na Motorola ne, irin wanda aka rubuta manhajojin wancan zamani a kansa.

Abin da masu talla ba sa cika faɗa shi ne, dukkansu uku in za su taɓa RAM ɗin da Agnus ke riƙe da shi, dole su bi tafiyarta. Wasannin 1988 zuwa 1991 a can suke zaune, gudun firosesa ba ya ƙara musu komai a galibi, wani lokaci ma ɓata su yake. Masu rubuta su sun ƙidaya jinkiri da yawan zagayen 68000, wasu kuma suna sauya umarninsu da kansu ana cikin aiki, abin da ma'ajiyar wucin gadi ta sababbin firosesa ba ta jurewa. Shi ya sa ake komawa ga WHDLoad, wanda ke gyara wasanni ɗaya bayan ɗaya su tashi daga babban faifai. FPGA na iya bin 68000 taku da taku, kamar fx68k na Jorge Cwik da ake amfani da shi a MiSTer, na'urar FPGA mai kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, amma Vampire ba wannan ta sa a gaba ba.

Shawarata ke nan. In wasannin da ka sani da ƙuruciya kake so, nemi wata 68000 ka mayar, ba ta da tsada. In kana son Amiga mai ƙarfi da ta ci gaba da zama Amiga, TF536. In gudu da HDMI ne burinka, PiStorm ta fi Vampire dacewa da aljihu da kuma sauƙin gyara.

Ko wacce ka zaɓa, fara auna akwatin wutarta. Firosesar Amiga na aiki da bolt 5, sababbin katunan nan na jan wuta fiye da 68000, tsohon akwati kuma in ya gaji sai na'ura ta riƙa sumewa ka ɗora wa katin laifi. Wajen cire cip ɗin 68000, ɗaga shi kaɗan daga wannan gefe, kaɗan daga wancan, har ya fito a miƙe, ka lura da inda tsagar kansa ke kallo kafin ka ɗaga, sannan ka soka ƙafafunsa a soson da ba ya tara lantarki ka adana shi.