Ambar Na Gaske Ko Na Haɗi: Wanne Za Ka Saya?

A shagunan turare na Makka, Madina da Dubai, abu uku ake sayarwa da sunan ambar, kuma ba ɗaya suke ba.

Na asalin daga cikin hanjin wani ƙaton kifin teku yake fitowa, wanda Larabawa ke kira kifin ambar, ko da yake dabba ce mai shayarwa. Abincinsa wata halittar ruwa ce mai baki kamar na aku. Wannan bakin ba ya narkewa, sai wani maiƙo ya naɗe shi a hanji har ya zama curi. Kaɗan ne daga cikin kifayen ke yin sa. Sabon fitowa baƙi ne, mai laushi, warin kashi yake yi. Sai ya shekara da shekaru yana yawo a kan ruwa, rana da gishiri suna gasa shi, sannan ya ƙafe, ya koma ruwan toka ko fari, ƙamshinsa ya zama na iskar teku da ƙasar da aka yi wa yayyafi. Farin ya fi daraja.

Fara da lissafin kuɗi. A 2021 masunta 35 a Yaman sun samu curi mai kilo 127 a cikin mushen kifin, suka sayar kan dala miliyan ɗaya da rabi. Giram ɗaya ya kama kusan dala 12 ke nan, a sari, daga hannun masunta. Tola kuwa giram 11 ce da 'yan kai. Duk wanda ya miƙo maka tolar "ambar zalla" a kuɗin turaren yau da kullum, ka san haɗi ne.

In an kawo maka curi, ka gwada. Na gaske ba ya nutsewa a ruwa, kuma ya fi yadda ido ke zato rashin nauyi. Ɗora allura a wuta ta yi zafi, ka soka: wurin zai narke nan take ya zama baƙin ruwa mai danƙo kamar kwalta, da farin hayaƙi. Kakin kyandir fes yake narkewa, kitse kuma ƙaurinsa ke tona shi. Fasa gefe ka duba, sau da yawa za ka ga sawu hawa-hawa da ɓaraguzan bakin nan baƙaƙe. Gwajin allura jabun da ba a ƙware wajen haɗa shi ba kawai yake kamawa. In kuɗi mai yawa za ka biya, sai an kai ɗakin gwaje-gwaje an nemo ambrein, babban sinadarin da ke cikin ambar na gaske.

Ba a shafa shi haka nan. Ana niƙa giram 3 a zuba cikin giram 97 na sifirit ɗin turare, a rufe kwalba a wuri mai duhu, ana girgizawa, aƙalla wata shida. Mai gaggawa warin ƙarni zai kwasa. A lura da doka kuma: Amurka da Indiya sun haramta cinikinsa, Ingila da Faransa sun yarda da wanda aka tsinta a gaɓa.

Na biyu shi ne Ambroxan, farin gari kamar gishiri. Masanan kamfanin Firmenich ne suka fara haɗa sinadarin a 1950, daga wani ganye. Shi ne ainihin abin da ke ba tsohon ambar ƙamshinsa, kuma turarukan kanti da yawa da shi suke dogara. Ga mai haɗa humra ta sayarwa, wannan ne zaɓin da ya fi: araha, ƙarfinsa ɗaya kullum, yana riƙe ƙamshi a tufa har kwana. A narka giram 10 cikin giram 90 na sifirit, a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan. Inda ake kuskure: hanci na saurin sabawa da shi, mai haɗi ta ɗauka bai ji ba ta ƙara, har ya danne sandal da wardi.

Na uku, 'yan dunƙulen nan masu launin zuma da man ambar mai zaƙi, ƙaron itatuwa ne irin su jawul, da banila da kaki. Babu alaƙarsu da teku. A kan garwashi, cikin turaren wuta, sun fi sauran biyun cika ɗaki, sai dai a biya su kuɗin ƙaro.