Sharhina kan waken IAR da malaman gona na Samaru, bayan damina biyu

Jama'a assalamu alaikum. Tun kaka nake son rubuta wannan abin hidima ba ta bari ba, sai yau da muka ɗaure buhun ƙarshe na ce bari in zauna in faɗi abin da na gani da idona ko wani zai amfana.

Ni haifaffen Samaru ne, kullum ta bakin get ɗin ABU, wato Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, nake wucewa, amma wallahi har na girma na yi iyali a zatona wurin na ɗalibai ne da lakcarori kawai, mu ƴan gari namu mu sayar masu da kaya ko mu ɗauke su a mashin. IAR kuwa, wato cibiyar binciken aikin gona, na san tana nan, ina ganin gonakin gwajinsu in na bi titin Sakkwato, amma ban taɓa kawowa a raina cewa mai ɗan fegi irina zai iya shiga ya yi tambaya a saurare shi ba. Sai daga baya ma na ji ashe cibiyar ta girmi jami'ar kanta, tun 1922 ake binciken noma a Samaru, sai da aka kafa jami'a a 1962 aka haɗe su.

Gonarmu ta gado tana wajen Bomo, ni da Baba muke nomawa, kuma shi tun tasowarsa waken gargajiya kanannado ya sani. Duk wanda ya taɓa noman wake ya san tsutsar nan mai huda kwafsa. Za ka ga wake ya yi kore shar ya yi fure gwanin sha'awa kana ta murna, bayan kwana biyu furen ya fara zubewa, ka ɓare kwafsa ka tarar da ƴar tsutsa mai ɗigo-ɗigo a kwance ta cinye ƙwayar ta bar kashinta da wani zare kamar yanar gizo-gizo. Feshi muke yi sau shida wani lokacin sau bakwai a damina ɗaya, kuɗin magani ya cinye ribar, ga ciwon kai da mutum ke kwana da shi ranar da ya goya injin feshi, ga warin da ba ya fita daga riga ko an wanke.

Wani maƙwabcinmu ne ya matsa mini in raka shi ranar manoma da aka yi a wata gonar gwaji, malaman IAR da na NAERLS, masu wayar da kan manoma, suka zo. Abin da ya fara burge ni shi ne da Hausa aka yi komai, Hausar gona, ba wanda ya tsaya yi mana turanci. Fili biyu suka nuna mana kusa da juna, an shuka rana ɗaya, ɗaya waken da muka saba ɗaya kuma sabon irin IAR mai suna SAMPEA 20-T, suka ce kowa ya shiga ya tsinko kwafsa goma daga kowane ya ɓare da hannunsa. Na shiga na tsinko. A na farkon fiye da rabi duk huda, a na biyun ban samu tsutsa ko ɗaya ba, na ƙara gaba can ƙarshen kunya inda nake ganin ba za su yi zaton wani zai je ba na sake tsinkowa, haka dai. Wannan ya fi mini duk wani dogon bayani.

Wani dattijo ya tashi ya yi tambayar da ke ran kowa, ya ce an ce wannan waken an sa masa wani abu a ciki. Malamin bai ɓoye ba kuma bai nuna tambayar ta ɓata masa rai ba, ya ce e gaskiya ne, an ɗauko wata ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt aka sa wa waken, ita ke kashe wannan tsutsar in ta ci, kuma sai da hukumar gwamnati mai kula da irin waɗannan abubuwa ta amince sannan aka sake shi ga manoma a 2019. Farfesa Mohammad Ishiyaku na nan IAR ne ya jagoranci aikin. Na san akwai masu shakku a kan irin da aka sauya wa halitta, har cikin abokaina, kuma ba na ganin laifinsu, kowa yana da haƙƙin sanin abin da zai ci. Ni dai abin da ya kwantar mini da hankali shi ne an faɗa mana a fili kafin mu karɓa, kuma a gidana muna ci.

Da na kawo irin gida Baba ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Kai dai ka gwada a gefe, kar ka taɓa mini kanannadona." Na ce to Baba. Farkon Agusta na shuka yadda suka koya mana, ƙwaya biyu a rami, tazarar kamar santimita 20, da ɗan takin supa. Feshi sau biyu kacal na yi, ɗaya da ya fara fure ɗaya da ya fara kwafsa. Cikin wata biyu da rabi ya nuna, lokacin na Baba ko fure bai gama ba. Ciyawar wuta-wuta ma da ke damun wancan gefen gonar ba ta yi masa wani illa ba. Abin da na samu a ɗan filin nan ya fi na daminar da ta gabace ta nesa ba kusa ba.

Toh amma kar wani ya ji haka ya ɗauka shi ke nan an huta da feshi, su kansu malaman sun ja mana kunne. Tsutsar kwafsa kaɗai yake kashewa, ƙananan ƙwarin da ke shiga fure da masu tsotse kwafsa suna nan daram, shi ya sa feshi biyun nan dole ne. Bayan girbi kuma ƙwarin ajiya za su ci shi kamar kowane wake, mu buhun PICS mai ciki uku muke sawa ba ma zuba magani. Sannan ba ya yaɗo kamar kanannado, a tsaye yake, don haka harawarsa ba ta da yawa, kuma ga mai tumaki da awaki wannan ba ƙaramin abu ba ne, harawa kuɗi ce da rani. Ƙwayarsa ma ba ta kai ta kanannado girma ba, a kasuwa masu son manyan ƙwaya sukan ɗan rage masa kuɗi, duk da maiɗakina ta ce wajen ƙosai da alale ba ta ga wani bambanci ba. Kuma tunda da wuri yake nuna, in ka yi gaggawar shuka zai nuna ana tsakiyar ruwa ya ruɓe maka a gona.

Damina ta biyu ce na ji zafi. Na faɗaɗa filin, irin da na ajiye bai isa ba, sai na je wani shago a cikin gari mai shagon ya rantse mini cewa irin IAR ɗin ne, a farar leda ba tambari ba komai, ni kuma shuka na neman wuce ni na saya. Wallahi wannan ɓangaren tsutsa ta yi masa kaca-kaca alhali na kusa da shi lafiya lau. Na ɗauki hoto na tura wa malamin gonan nan ta WhatsApp don ya ba mu lambarsa tun ranar, bai yi awa ɗaya ba ya kira ni da kansa ya ce Malam wannan ba shi ba ne, an haɗa ka da waken kasuwa, ya gaya mini abin da zan fesa in ceci ragowar. Don Allah duk mai so ya je IAR ya tambayi sashen iri, ko ya sayi na kamfanin iri mai rajista wanda buhunsa ke ɗauke da shaidar hukumar iri ta ƙasa NASC, kuma ya nema tun kafin ruwa ya zauna.

Ba wake kaɗai ba ne, akwai masarar SAMMAZ, dawar SAMSORG, gyaɗar SAMNUT, wannan SAM ɗin da ke farkon sunan duk Samaru ne, abin da ni ɗan garin ban sani ba sai yanzu. Na kuma kai ragonmu asibitin dabbobi na jami'ar da ya daina cin abinci, aka duba shi da kyau ya warke.

Bana Baba da kansa ya ce a bar masa kunya goma na kanannado saboda harawar dabbobi, sauran a sa na IAR. Ni kuma in Allah ya kai mu damina ina so in gwada SAMNUT 24 a gefen da ƙasar ke da rairayi, duk wanda ya taɓa shuka ta a yankin Giwa ko Kudan don Allah ya faɗa mini yadda ta yi masa.