Kawu, na ga injin da ke zuba bango

Kawu, barka da war haka. Ya zafin Sakkwato? Ka ce in faɗa maka ko da gaske inji na gina gida a nan Dubai. Da gaske ne, na yi aiki kusa da shi.

Babu bulo, babu katakon zuba kankare. A kwamfuta ake zana gidan, sai wani hannun ƙarfe mai bakin tiyo ya yi ta zagaye yana fitar da kwaɓaɓɓen siminti, layi kan layi. Duk sirrin na wurin kwaɓi: in ya yi ruwa bango ya zauna, in ya yi tauri tiyo ya toshe. Ran nan rana ta take, kwaɓi ya daskare a ciki, muka wuni wanki injiniya na ta faɗa.

Mutanen Dubai sun daɗe a kai. A 2016 suka buɗe wani ofis kusa da Emirates Towers da aka buga sassansa da irin wannan inji cikin kwana 17, a 2019 kuma bene mai tsayin mita 9.5 a unguwar Warsan. Burin gwamnatinsu kashi 25 cikin 100 na sababbin gine-gine su zama irin wannan kafin 2030.

Amma kar hankalin magina ya tashi. Bango kawai injin yake yi. Harsashi, rodi, rufi, wayar wuta, famfo, duk hannunmu ne. Kuma in wuta ta ɗauke ana tsakar zubi an yi asara, ka san halin wutarmu. Abin da ya burge ni awo ne, ba a ha'inci a kwaɓi. Mu ga simintin Kalambaina a ƙofar gida, amma bulon da aka kai fulotina bara da yatsa ka murmushe shi.

A Italiya ma, a 2021, sun buga gida da ƙasar wurin haɗe da ƙaiƙayin shinkafa. Da na ga hoton dariya na yi, rumbun kaka ne sak: a ɗora laka, a jira ta sha iska, a ƙara. Don Allah a ɗauko mini hoton rumbun in nuna wa injiniyanmu, bai yarda ba. Batun fulotin kuma, a sayi siminti a buga bulon a gabanka.