Yadda asibitocin Jidda ke yi da shararsu

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa, ga amsar tambayar da ka yi mini game da sharar asibiti a nan Saudiyya, tun da an sa ka a kwamitin tsabta na asibitinku.

Babban bambancinmu da su yana farawa ne daga gefen gadon majinyaci. A kowane ɗakin jinya akwai baƙar leda ta shara gama-gari, da leda ruwan ɗorawa wadda ake zuba auduga da bandeji da safar hannun da jini ya taɓa, sannan da akwatin roba mai tauri na allura da duk wani abu mai kaifi. Ma'aikaciyar jinya ba ta mayar wa allura murfinta. Da ta zare ta daga hannun majinyaci sai ta saka ta cikin akwatin, idan kuma ya kusa cika a rufe shi, ba mai sake buɗewa. Jar leda kuwa ta sassan jikin ɗan Adam ce, kamar ƙafar da aka yanke wa mai ciwon suga, kuma waɗannan ana ajiye su ne a ɗakin gawa har a kai su a binne, kamar yadda addini ya tanada.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da wata illa, kashi 15 ne kawai mai haɗari. To, idan aka haɗa su a duro ɗaya, kamar yadda muke yi a wani asibitin da na taɓa aiki a gida, duka sun gurɓace ke nan. Da yamma masu shara su tara ta a bayan katanga su cinna mata wuta, hayaƙin ya bi iska har ɗakin masu jego, da safe kuma yara 'yan jari-bola su tona tokar da hannu, alhali allurar da ba ta ƙone ba tana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau. Robar ƙarin ruwa da ta ƙarin jini, idan aka ƙona su da irin wannan wutar, suna fitar da gubar dayoksin mai jawo cutar kansa, shi ya sa ake buƙatar injin ƙona shara da zafinsa ya kai digiri 850 ko fiye.

A nan, kamfani mai lasisi ne yake zuwa da rufaffiyar mota, a auna ledojin a sikeli, a sa hannu a takarda, ya tafi da su can bayan gari. Hukumar CBAHI mai tantance asibitoci tana duba wannan, kuma a 2019 an kafa cibiyar kula da shara ta ƙasa, MWAN. Mu ma a Najeriya muna da NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli, tun 2007, kuma akwatin kwalin da ake jefa allura a ciki lokacin riga-kafi ya nuna cewa ma'aikatanmu suna rarrabewa idan an ba su kayan aiki.

Sai dai kada ka ɗauka komai nasu abin koyi ne. Yawan kayan da ake amfani da su sau ɗaya a yar ya wuce hankali, tun daga rigar tiyata har shimfiɗar gado, kuma sau da yawa za ka ga gorar ruwa da kofin shayi a cikin ledar ruwan ɗorawa, asibiti ya biya kuɗi mai yawa don a sarrafa abin da bola ta ishe shi. Ga na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ga ruwan famfon da sai an tace gishirin Bahar Maliya da makamashi mai yawa kafin a same shi.

A ganina, ku fara da ledoji masu launi da akwatin allura a kowane ɗaki, ku daina ƙona roba kusa da majinyata. Ku kuma tattara tsofaffin ma'aunan zafin jiki masu zaiba ku adana su a rufe, domin yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda Najeriya take cikinta, ta tanadi a daina ƙera su da shigo da su, kuma zaiba ba a ƙona ta, ba a zuba ta a kwata.

Ka gaishe mini da Inna da yara.