Bututun ruwan zafi a kan narkakken dutse

'Yan uwa, duk wanda ya nemi labarin Aislan daga gida, sanyi da duhu yake fara tambaya. Suna nan kuwa, a watan Disamba hasken rana bai fi na awa huɗu ba, har mutum ya riƙa begen ranar nan tamu da muke gudu muna neman inuwa. Amma labarin da ya kamata ku ji na wani bututu ne guda ɗaya.

Ranar 8 ga Fabrairu 2024, da asuba, ƙasa ta tsage a yankin Reykjanes, arewa da garin Grindavik, narkakken dutse ya malalo. Kafin rana ta yi tsaka ya haye babban bututun da ke ɗauko ruwan zafi daga tashar Svartsengi, mai samar da lantarki da ruwan zafi daga zafin ƙarƙashin ƙasa, zuwa garuruwan yankin, har da filin jirgin sama na Keflavik. Sama da mutum dubu 25 suka rasa ruwan zafi a tsakiyar sanyin da ke daskarar da ruwa. Ruwan nan shi ne ke zagayawa cikin lagireton da ke jikin bangon kowane ɗaki, don haka yankewarsa na nufin gida ya koma firiji, bututun cikin bango su daskare su fashe. Aka roƙi kowane gida ya kunna hitar lantarki ɗaya tak, domin layin wutar yankin ba a yi shi don ɗumama gidaje ba.

An riga an binne wani bututun na ko-ta-kwana tun kafin abin ya faru. Aka haɗa shi, shi ma ya fashe a ƙarƙashin dutsen. Sai aka kawo katafila aka shimfiɗa hanya a kan dutsen da bai gama hucewa ba, masu walda suka kwana suna haɗa bututun ƙarfe na kusan rabin kilomita, aka ja shi aka ɗora. Ranar 12 ga wata ruwa ya fara dawowa. Kwana huɗu ke nan, a kan ƙasar da ke hayaƙi.

Wannan aiki ya fi tashoshin kansu burge ni, ko da yake su ma abin kallo ne. Wajen gida tara cikin goma a ƙasar da zafin ƙarƙashin ƙasa ake ɗumama su, kuma sama da kashi ɗaya cikin huɗu na lantarkinsu daga can yake, sauran daga madatsun ruwa. A tashar Hellisheidi, wadda ta fara aiki a 2006 kuma take ba da megawat 303, ana haƙa rijiya mai zurfin kilomita biyu zuwa uku, a zura bututun ƙarfe hawa-hawa, a ɗaure na sama da siminti don kada ruwan sanyi ya kutso. Ruwan da ke can ƙasa zafinsa ya haura digiri 250, amma matsi ya hana shi tafasa. Yana hawowa matsin na raguwa, wani ɓangarensa ya zama tururi. A bakin rijiyar sai a bi da shi ta tankin da ke raba tururi da ruwa, a ƙara tace ɗigon da ya rage, domin ɗigon ruwa a wannan gudu yana cinye farfelar injin. Tururin ya juya farfela, farfela ta juya janareta.

Ruwan rijiyar irin waɗannan tashoshi ba a kai shi gidaje. Cike yake da silika, sinadarin yashi, wanda da zarar ruwan ya huce yake daskarewa a jikin bututu kamar siminti har ya toshe shi. Abin da ake yi shi ne a jawo ruwan sanyi mai tsabta daga wata rijiyar dabam, a wuce da shi ta na'urar musayar zafi, inda ruwan biyu ke gudu kusa da juna ƙarfe ne kawai a tsakaninsu. Daga nan a cire masa iskar oksijin, a saka ɗan tururi mai ɗauke da iskar farar wuta don ta cinye ragowar, in ba haka ba tsatsa ta gama da bututun da lagireto cikin 'yan shekaru. Daga tashar Nesjavellir ruwan na tafiyar kilomita 27 zuwa Reykjavik, babban birnin ƙasar, an naɗe bututun da kyau har zafin da yake asara a hanya bai kai digiri biyu ba. Wancan ruwan rijiyar kuma a mayar da shi ƙasa ta wasu rijiyoyin don kada matsin ya faɗi. Shi ma yana da illarsa, domin a 2011 mayar da ruwa kusa da Hellisheidi ya jawo girgizar ƙasa da mutanen garin da ke kusa suka ji a jikinsu.

Ba komai ne daɗi ba. Wanda ya buɗe famfon zafi karon farko zai ɗauka wani abu ya mutu a bututu, saboda warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi. Wannan iskar farar wutar ce, kuma hanci bai cika sabawa da ita da wuri ba. Zoben azurfa ko awarwaro in aka yi wanka da shi, baƙi ƙirin yake komawa. Sabulu kamar ba ya fita daga jiki. Mafi haɗari shi ne zafin, ruwan na iso gida a kan digiri 80 ko kusa, wanda ke saɓule fatar yaro cikin daƙiƙa. Duk gida mai yara dole a sa famfon da ke gauraya zafi da sanyi da kansa, a ɗaure shi a kan digiri 38. Ba a shan na zafi, ba a girki da shi. Na sanyi kuwa a bari ya ɗan zuba tukuna ya wanke bakin famfon. Akwai kuma wata ɗabi'a tasu da ke ci mini rai: ɗaki in ya yi zafi, maimakon a rage lagireto, sai a buɗe taga. Araha ce ta kawo haka. Sai dai ruwan da ya fito daga lagireto da sauran ɗuminsa, wajen digiri 30, ba a zubar da shi a banza, ana bi da shi ta bututun roba ƙarƙashin daɓen ƙofar gida da titunan tsakiyar birni don ƙanƙara ta narke.

Kada wani ya ce ai su Allah ne ya ba su. Ya ba su, amma a 1930 suka fara, da bututu na kilomita uku daga maɓuɓɓugar da mata ke wanki a Laugardalur zuwa wata makarantar firamare. Har farkon shekarun 1970 kusan rabin gidajensu da mai ake ɗumama su, sai da farashin mai ya tashi a 1973 suka duƙufa. Mu kuwa mun iya bikin buɗe aiki, ba mu iya zama da shi ba. A haƙa burtsatse, famfon ya lalace saboda ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, a bar shi shekara. Transifoma ta ƙone, unguwa ta yi wata uku ana karo-karo, kowa ya koma ya tayar da janaretonsa. Wa ke ajiye bututun ko-ta-kwana a wurinmu?

Lantarki daga zafin ƙasa ba kowace ƙasa ke da rabonsa ba. Kenya na da shi, ta kunna injin farko mai megawat 15 a Olkaria a 1981, yau kusan rabin wutarta daga can yake, kuma da yawa daga injiniyoyinta a Aislan suka samu horo. Ruwan Wikki da ke Yankari digiri 31 ne, ba zai juya farfela ba. Abin da ke hannunmu shi ne sanyaya gini, kuma ba ya buƙatar dutse mai aman wuta.

Daga zurfin mita goma zafin ƙasa ba ya canjawa, rani da damina. A wurinmu yana wajen digiri 30, lokacin da iskar bazara ta haura 40. Esi na yau da kullum a cikin wannan iska mai zafi yake zubar da zafin ɗaki, shi ya sa kwampireso ke wahala yana shan wuta. In aka ba shi ƙasa ya zuba a ciki, aikinsa ya ragu. A Suwidin da irin wannan rijiya gidaje da yawa ke jawo ɗumi, mu juya ta kawai za mu yi. Ana haƙa rami na mita 100 zuwa 200, a zura bututun roba mai kauri da aka lanƙwasa ya je ya dawo, a cika shi da ruwa, a gwada shi da matsi kafin a rufe. Sannan a cike ramin tun daga ƙasa da kwaɓin yumɓun bentonait da yashi, domin duk inda aka bar iska zafi ba ya ratsawa. Kowace mita ta ramin na ɗaukar wajen wat 50 na zafi, don haka esi ɗaya na babban ɗaki yana son kusan mita 100. Tsakanin rami da rami a bar aƙalla mita shida. Kuskuren da ya fi kashe aikin a ƙasa mai zafi shi ne a yi ta tura zafi shekara da shekaru ba a cirewa, har ƙasar da ke kewaye da bututun ta ɗume, ribar ta tafi. Maganinsa a haɗa lagireto mai fanka a waje, a riƙa zagaya ruwan ta cikinsa da daddare a lokacin hunturu don ƙasar ta huce. Injin haƙar da ake buƙata shi ne dai wanda masu burtsatse ke yawo da shi a bayan mota, kuma asibiti da makarantar kwana su suka fi dacewa a fara da su, tunda haƙar ce ke cin kuɗi.